Yadda Baƙo Zai Kama Gidan Haya a Kano Ba Tare da Da-na-sani Ba

Gidan da na fara kamawa a Kano cikin hunturu na kama shi. Ciki da falo ne, sabon fenti har yana ɗaukar ido, tsakar gida a share ƙal, kuɗin kuma bai kai yadda na zata ba. Dillalin ya ce mini, "Malam, in ba ka biya yau ba gobe sai dai labari, akwai angon da ke jiran sa." Na biya. Sai da watan Agusta ya kama na gane dalilin sabon fentin. Ruwan layin gaba ɗaya a ƙofar gidan yake taruwa, ya biyo ta soro, ya kwanta a falo har idon sawu. Da fentin ya fara ɓarewa sai ga zanen ruwan bara a jikin bango, kamar an sa rula an ja shi. Na kai kukana wurin wani dattijo mai sayar da goro a bakin layin, ya dube ni ya ce, "Yaro, ai da ka tambaye ni." Gaskiyarsa. Ranar da na zo ganin gidan ta gabansa na wuce, ko sallama ban yi masa ba.

Bayan wannan na sake gida sau uku a garin nan. Abin da zan faɗa na wanda zai yi dogon zama ne: ɗalibi, ɗan bautar ƙasa, ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, mai jinyar da likita ya ce sai an yi watanni, ko ɗan kasuwar da otal ya fara cinye masa riba. An ce baƙo ko da ido makaho ne, kuma a harkar haya ɗakin shi ne ƙaramin abin da kake biya. Ruwa kake kamawa, da wuta, da hanya, da mutanen da za ka kwana ka tashi da su.

Fara da inda za ka riƙa zuwa kullum

Kada ka fara da tambayar wace unguwa ce ta fi kyau. Tambayi kanka ina ƙafarka za ta riƙa takawa kowace safiya. Abin da ake kira Kano ya mamaye ƙananan hukumomi takwas: Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Kumbotso da Ungogo. Wanda ya kama gida a Mariri alhali karatunsa yana sabuwar jami'ar Bayero a titin Gwarzo, gari guda zai riƙa ketawa safe da yamma. Tun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin gari, don haka Adaidaita Sahu ce abin hawan wanda ba shi da nasa, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin hawa ya daina zama abin rainawa. Ma'aunin da nake amfani da shi ɗaya ne: hawa nawa ne daga ƙofar gidan zuwa inda zan je? Hawa ɗaya, madalla. Biyu, a lissafa. Uku, arahar gidan ƙarya ce, domin abin da ka rage wa mai gida mai Adaidaita za ka miƙa wa, ka ɗora da gajiya.

Mai harka da jami'ar Bayero ya duba Kabuga, Janbulo, Rijiyar Zaki, Danbare da Rimin Gata idan sabon mazauni ne, ko Gadon Ƙaya, Tal'udu da Ɗorayi idan tsohon ne. Mai jinya ko aiki a Asibitin Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, yankinsa Gyaɗi-Gyaɗi, Hausawa, Tarauni, Unguwa Uku, Kundila da Na'ibawa. Ɗan kasuwar Kantin Kwari, Singa ko Sabon Gari zai fi samun sauƙi a Fagge da kewayenta, ko ta hanyar Katsina wajen Kurna da Rijiyar Lemo, waɗanda kuma su ne a kan hanyar mai zuwa Dawanau. Ma'aikacin kamfani a Sharaɗa ko Chalawa ya nemi Sharaɗan, Ja'en ko Panshekara. Na Bompai kuma Dakata da Kawaji. Nasarawa GRA da Bompai da wasu sassan Hotoro akwai shiru da faɗin titi, sai dai aljihu ya san ya je.

Cikin ganuwa kuwa zance ne daban. Yawancin gidajen na gado ne, dangi a ciki, haya ba ta da yawa, lunguna da dama mota ba ta shiga. In ka samu ta hannun wanda ya san ka, zaman akwai daɗi da rufin asiri, abinci da araha, masallaci a kowace kusurwa. Amma ba wurin da baƙo zai faɗa da ka ba ne.

Wata nawa za ka yi?

Nan mai dogon zama yake fara cin karo da al'adar gari. Haya a Kano ta shekara ce, kuma gaba ɗaya ake biya kafin a shiga. Wani mai sabon gini ma shekara biyu zai nema. Kai kuma wataƙila wata biyar ne ya kawo ka.

Akwai gidajen da aka ƙawata da gado, kujeru, firji da na'urar sanyaya ɗaki, ana bayar da su a kwana, a mako ko a wata, sun fi yawa a unguwannin masu hali. Suna da tsada, amma kafin ka ce a'a, ɗauki biro. Gidan da babu komai a ciki yana buƙatar katifa, labule, fanka, tukunyar gas, bokitai, ledar ƙasa, kuma ranar tafiya rabin kuɗi za a taya maka su, in ma an taya. Zaman wata biyu ko uku, sau da yawa mai kayan ya fi sauƙi. Daga wata shida zuwa sama, gidan shekara ya fi, ko da za ka bar sauran watannin.

Wani mai gidan yana karɓar wata shida idan gidan ya daɗe a rufe, musamman in wanda yake jin nauyinsa ne ya yi maka magana. Akwai kuma cike ragowar wa'adin wani, wato wanda ya biya shekara tafiya ta kama shi, yana neman mai ƙarasa masa watannin. Hanya ce mai kyau da sharaɗi guda: mai gida ya sani, ya yarda, a gabanka. In ba haka ba, ranar da ya zo ya tarar da baƙuwar fuska, kai ne ka shiga gidan mutane ba izini.

Ka kuma san sunan abin da kake nema don kada a yi ta yawo da kai. Ɗaki ɗaya a gidan yawa, banɗaki da madafa na tarayya ne. Akwai ɗaki mai banɗakinsa a ciki. Akwai ciki da falo. Akwai falat mai ɗaki biyu ko uku da ƙofarsa. Akwai sashe a gidan da mai shi yake ciki da iyalinsa, akwai kuma boskwata a bayan manyan gidaje.

Dillali

Da wuya ka samu gida ba dillali, kuma ba abokin gaba ba ne. Sana'arsa ce, ya san wane gida aka tashi tun kafin a ɗebe labule. Amma ka riƙe a ranka cewa la'adarsa ba ta fitowa sai ka biya, don haka kowane gida a bakinsa "babu irinsa a layin", kowace unguwa "wuta ba ta ɗaukewa".

Nemi wanda yake da mazauni sananne, rumfa ko shago da za ka koma ka same shi gobe, kuma ta hannun wani ka same shi: abokin aiki, ɗan garinku da ya daɗe a Kano, limamin masallacin da kake salla. Hotunan gidaje a Facebook da WhatsApp suna taimakawa wajen sanin yadda farashi yake tafiya, amma kada ka tura ko sisi a kan hoto. Gani ya kori ji.

Kafin ku taka ko'ina ku yanke magana uku. Nawa ne kuɗin zuwa gani, kuma na gida ɗaya ne ko na duk yawon ranar? Nawa ce la'ada? Abin da aka fi ji shi ne kashi 10 cikin 100 na kuɗin shekara, ana kuma yin ciniki. Sannan dillalai nawa ne a kan gidan? Wannan ta ukun mutane ba sa yin ta, sai ranar biya ka ga mutum huɗu sun bayyana, wannan shi ya ji labari, wancan shi ke riƙe da mukulli, kowa yana jiran nasa. Ka ce tun farko, "La'ada ɗaya zan bayar, ku raba a tsakaninku."

Yi lissafin duka, ba na haya kaɗai ba. A ce, misali, an yanka maka naira dubu 600. La'ada dubu 60. In lauya ne ke kula da gidan akwai kuɗin takarda. Wasu suna karɓar kuɗin ajiya saboda ɓarna. Ga fenti, ga gyaran famfo, ga motar kwasar kaya. Wanda ya zo da dubu 600 cif gidan dubu 450 ya kamata ya nema.

Ruwa kafin komai

In za a ce in zaɓi abu ɗaya da za a bincika, ruwa zan ce. Matatun Chalawa da Tamburawa da Watari suna ba gari ruwa, amma garin ya fi ƙarfin bututun, kuma unguwanni da yawa, musamman sababbin da aka yanka da awon igiya, rijiya da burtsatse da 'yan garuwa ne rayuwarsu. Ganin kan famfo a bango ba shaida ba ne. Murɗa shi. In ya yi tsatsa ya ƙi juyawa, ko ka ga yanar gizo-gizo a bakinsa, ya ba ka amsa. Dubi tsakar gidan kuma: inda ka ga jarkoki jere da manyan robobi a kowace ƙofa, saye ake yi.

Idan an ce akwai burtsatse, tambayoyin yanzu suka fara. Da me ake tayar da ruwan, wutar gari, janareta ko sola? Wa ke sayen mai? Sau nawa ake cika tanki a mako, kuma gida nawa ke sha daga tankin? In injin ya ƙone, mai gida ne zai gyara ko karo-karo za a yi? Na zauna a gidan da injin ya ƙone aka shafe mako bakwai ana jayayya a kan wanda zai biya, mu shida muna sayen ruwa, ga tanki a sama yana kallonmu. Sai babbar tambaya: ruwan yana kaiwa bazara? Rijiyar da ta cika a Oktoba tana iya komawa laka a Afrilu, kuma wanda zai faɗa maka gaskiyar wannan ba dillali ba ne, matar da ke wanki a gidan ce ko yaron da ake aika ɗiba.

Ɗebo ruwan ka duba. Shinshina, ɗanɗana, sa sabulu ka ga ko yana kumfa. Wani ruwan yana da zartsi, bai hana wanka ba amma ba ya shayuwa, ka san ke nan kuɗin ruwan leda ya shiga kasafinka. Auna da ido tazarar da ke tsakanin rijiya da ramin masai. In suna maƙwabtaka, ko gidan yana kusa da magudanar da ruwan masana'antu ke bi, kada ka sha.

Inda kuma saye ne zalla, ba laifi ba ne, rabin gari haka yake rayuwa. Tsayar da mai garuwa a layin ka tambaye shi nawa jarka, nawa kura, daga ina yake ɗebowa, kuma nawa take komawa in zafi ya tsananta ko an kwana biyu ba wuta. In bene za ka hau, tambaye shi kuɗin hawa da ita, domin ba ɗaya ba ne da na ƙasa. Ninka da abin da gidanka ke sha a rana, sannan da kwana 30. Wani lokacin abin da zai fito ya kusa kuɗin hayar watan.

Wuta

KEDCO ce ke rarraba wuta a Kano, kuma layuka aji-aji ne. A ƙa'ida Band A na samun aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, ninki uku da ɗoriya a kan na da. Saboda haka "muna kan layi mai kyau" magana ce mai fuska biyu: wutar za ta zauna, katin kuma zai riƙa ƙarewa kamar ana zuƙe shi. Mai aiki da kwamfuta daga gida ko mai ajiye magani a firji, wannan layin ya dace da shi. Wanda zai fita tun safe sai dare, ƙaramar sola da fanka mai caji na iya isar sa a layi mai araha.

Don sanin gaskiyar wutar layi, tambayi mai sayar da ƙanƙara, ko tela, ko mai cajin waya. Su ne suke ƙirga awanninta saboda abincinsu a kanta yake. Ka tambaye su kuma yaushe rabon da tiransifoma ta lalace, da kwana nawa ta yi kafin a gyara, da nawa aka karɓa a kowane gida.

Sai mita. Mafi kwanciyar hankali ita ce mita mai kati, taka kai kaɗai. Kafin ka biya haya karɓi lambarta ka sayi wutar kuɗi kaɗan. In akwai tsohon bashi a kanta za ka ga an zabtare wani abu daga abin da ka saya, ka ga ke nan sai a yi maganarsa tun yanzu. Gida na biyu da na zauna, wanda ya tashi ya bar bashin wata da watanni, mai gida ya ce shi bai sha ba, ni ma na ce ban sha ba, ƙarshe dai ni da ke son haske na biya. In mita ɗaya ce ga gida duka, tambayi yadda ake rabo, domin faɗan "wane yana da hita, wance tana girki da wuta" ya raba maƙwabta da yawa. In kuma ka lura an zagaye mitar da wata waya, ka ce a cire kafin ka shiga. Ranar da aka zo dubawa wanda aka tarar a ciki shi ake riƙewa.

Je ka sau uku

Gida ɗaya fuska uku gare shi, kuma dillali ya fi son ya nuna maka ta safe.

Koma da tsakar rana, wajen ƙarfe biyu zuwa uku. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yana haura digiri 40, kuma ɗakin da ke saman bene a ƙarƙashin kwano, ko wanda bangonsa ke kallon yamma, yana riƙe zafin har tsakar dare. Tsaya a tsakiyar ɗakin ka rufe ƙofa minti biyar. Akwai taga biyu da iska za ta shiga ta fita, ko guda ɗaya ce tana kallon katangar maƙwabci? Silin ɗin yana da tsayi? Tagogin suna rufuwa ruf? Wannan na hunturu ne, lokacin da ƙura ke shiga har cikin kwanon abinci. Akwai ragar sauro da ƙarfen taga? A nan ne kuma za ka ciro waya ka ga ko layinka yana kamawa a cikin ɗaki, ba a ƙofar gida ba.

Damina ita ce mai tonon asiri, daga Yuni zuwa Satumba, Agusta ce uwarsu. In a cikinta kake nema ka yi sa'a, je washegarin ruwa mai ƙarfi. In da rani ne sai ka karanta alamu. Gidan ya fi titi tudu ko titi ya fi shi? An gina ɗan dakali an tare bakin ƙofa, har sai ka ɗaga ƙafa kafin ka shiga? Ba don ado aka yi shi ba. Akwai buhunan yashi da suka fashe a gefen katanga? Kwatar layin tana tafiya ko ta cushe da leda? Akwai kududdufi a bayan gidan? Ɗaga kai ka nemi tabon ruwa a silin, sunkuya ka shafa gindin bango. In yana marmashewa, ko fentin ƙasa ya fi na sama sabunta, ka tuna da labarina. Shiga banɗaki ka zuba bokiti guda ka ga yadda yake wucewa, ka tambayi yaushe aka kwashe masai da wanda ya biya motar.

Zuwa na uku bayan isha'i ne, kuma kai da wani za ku je, ba da dillali ba. Layin da yake shiru da hantsi yana iya zama dandali da dare. Akwai haske? Shaguna suna buɗe? Mata da yara suna wucewa hankali kwance? Ƙwacen waya da faɗan daba abubuwa ne da mutanen Kano da kansu suke kuka da su, kuma ba a yi wa unguwa guda hukunci a dunƙule, domin layi biyu a unguwa ɗaya suna iya bambanta kamar dare da rana. Zauna wurin mai shayi ka sha kofi ɗaya. Tambayi ko akwai 'yan sintiri, nawa ake bayarwa a wata, ƙarfe nawa ake rufe ƙofar layi in akwai. Kunnenka kuma ya yi aiki: injin niƙa, mai walda, gidan kallon ƙwallo, wurin biki da ake kiɗa har dare, janaretan maƙwabci da ke daidai tagar ɗakin kwana.

Mutanen layin

Yi salla ɗaya a masallacin layin, ka gaisa da dattawa, ka ce, "Baba, baƙo ne ni, ina son in kama gidan wane, me za ku ce mini?" Ba za su zagi maƙwabcinsu a gabanka ba, amma Bahaushe ya iya faɗin magana ba tare da ya faɗe ta ba. In ka ji "To, Allah dai ya sa a dace," ko aka yi shiru aka dubi juna, ka ƙara bincike. Tambayar da ta fi kowace fito da gaskiya ita ce: wanda ya tashi, me ya tashe shi, kuma shekara nawa ya yi? Gidan da ake sake ɗan haya duk shekara akwai dalili, ruwa ba ya tsami banza.

Kai ma za a bincike ka. Tambayar farko "Da iyali?" ce. Masu gida da yawa ba sa ba gwauro a gidan da matan aure suke, kuma inda aka rubuta "Ba a shiga" a soro da gaske ake. Kada ka yi ƙaryar cewa iyali suna tafe, wata biyu asirinka zai tonu, zaman ya yi tsami. Faɗi gaskiya, ka kawo wanda zai tsaya maka, ka nemi gidan da dama na samari ne ko na ma'aikata.

Mace mai zuwa ita kaɗai, ma'aikaciyar asibiti ce ko ɗaliba, tambayoyin da za ki sha sun fi haka. Ki je da wani namiji na gida, yaya ko kawu, ki riƙe takardar wurin aiki ko ta makaranta. Sashe a gidan da mai shi yake zaune da iyalinsa ya fi tsaro da mutunci a idon unguwa, sai dai akwai dokar rufe ƙofa da sa ido a kan baƙi. In aikinki na kwana ne, ki faɗa wa Hajiyar gidan tun ranar farko, kada ki bari sai an fara ƙus-ƙus.

Kano jiha ce mai bin shari'ar Musulunci tun 2000, da Hisbah, da al'adar unguwa mai ƙarfi. Wanda tsarin rayuwarsa ya bambanta da na yawancin gari zai fi sakewa a wuraren da aka saba da cakuɗuwar jama'a, irin Sabon Gari da Badawa.

Biya da takarda

Kada ka ba dillali kuɗin haya. La'adarsa tasa ce, amma haya hannun mai gida take zuwa, ko wakilin da mai gidan ya nuna maka da bakinsa. An sha karɓar kuɗin mutum biyu ko uku a kan ɗaki ɗaya, kowa ya zo da kayansa rana guda. In an ce Alhaji ya yi tafiya, a kira shi a gabanka, ka kuma tabbatar a wurin maƙwabta ko mai unguwa cewa sunan da aka faɗa shi ne mai gidan. Gidan gado yana buƙatar ƙarin kula: wane ne magada suka wakilta? In ka biya ƙane, yayansa ya zo ya ce bai sani ba, kai ne a tsakiya. Tambayi kuma ko gidan yana kasuwa, don kada a sayar da shi da kai a ciki.

Biya ta banki, zuwa asusun da sunansa ya dace da na takarda, ka karɓi rasit. Sannan a rubuta yarjejeniya, ko da rabin shafi ce da Hausa, da shaidu biyu. Wani dattijon zai ce, "Haba ɗana, ai mu Musulmi ne, amana ta fi takarda." Ka ce, "Haka ne, ranka ya daɗe, saboda mantuwa ne da halin rai." Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ma a kan rubuta bashi take, babu mai jin haushin wannan hujjar.

A takardar a sa ranar da haya ta fara, kuma ta zama ranar da aka ba ka mukulli gidan yana shirye, ba ranar da ka biya ba. A sa wanda ke da alhakin rufi, masai da injin ruwa, da wanda ke da ƙananan gyare-gyare. A sa lambar mita da abin da ke kanta. A sa kuɗin ajiya da sharaɗin dawo da shi. A sa wa'adin sanarwa kafin ƙarin kuɗi ko tashi. Abin da lauyoyi suka saba bi a Najeriya in takarda ba ta ce komai ba shi ne wata shida ga mai biyan shekara, wata ɗaya ga mai biyan wata, amma abin da kuka sa wa hannu shi ke gaba, don haka karanta kafin ka sa. Kai da ka san zamanka na iya ƙarewa kafin shekara, nemi a rubuta cewa kana iya kawo wanda zai cike maka ragowar da yardar mai gida, domin kuɗin da ya shiga hannu da wuya ya dawo.

"Za a gyara" kuwa, kada ka karɓe ta da baki. Ko a gyara kafin ka biya, ko a ƙiyasta kuɗin a cire daga haya ka gyara da kanka, a rubuta. Mai gidan da ya riga ya karɓi kuɗin shekara ba ya gaggawar neman mai gyaran famfo.

Ranar da aka ba ka mukulli, kafin ka shigar da ko tsintsiya, zagaya da waya ka ɗauki bidiyon komai: fasasshen tayil, ƙofar da ba ta kulluwa, tabon silin, lambar da ke kan mita. Tura wa mai gida ta WhatsApp don ranar ta zauna a rubuce, ita za ta fitar da kai ranar da za a yi maganar kuɗin ajiya. Sake kwaɗo da makullan ƙofa a ranar, ba ka san hannu nawa tsofaffin suka bi ba. Sa a yi feshin maganin sauro da kyankyaso da kuɗin cizo tun gidan yana fanko, a rufe shi kwana ɗaya. In za ka kira a-kori-kura ta kwaso kaya, kauce wa safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata, lokacin tsaftar muhalli ne, ana taƙaita zirga-zirga sai wajen ƙarfe goma. In da hali ka kwana biyu kai kaɗai kafin iyali su taso, ka ga yadda ruwa da wuta suke da idonka. Da yamma kuma ka bi ƙofa-ƙofa ka gai da maƙwabta, ka sa wani dattijo ya raka ka wurin mai unguwa, ka karɓi lambar mai garuwa da ta yaron da ke kwashe shara.